Albashi a masaƙa, wasa ranar Lahadi: yadda besbol ɗin ƙananan garuruwan Amurka ya bunƙasa da yadda ya sauya

A shekarar 1935, ana tsakiyar matsin tattalin arzikin da ya durƙusar da Amurka, wani mai sayar da kayan wasanni a birnin Wichita na jihar Kansas, Raymond Dumont da aka fi sani da Hap, ya yi wa Satchel Paige, shahararren mai jifan ƙwallon besbol baƙar fata, alƙawarin dala 1,000 idan zai zo da ƙungiyarsa ta garin Bismarck gasar da Dumont ɗin yake shiryawa. Ƙungiyoyi 32 suka hallara. Paige ya ci wasa huɗu, ya kori masu bugu 60 da jifa, Bismarck ta ɗauki kofi. Mai ƙungiyar, Neil Churchill, dillalin motoci ne a Dakota ta Arewa, kuma ya haɗa baƙaƙe da fararen fata cikin riga ɗaya shekara 12 kafin Jackie Robinson ya karya shingen wariyar launin fata ya shiga Babbar Gasa, wato gasar ƙwararru mafi girma a Amurka, a 1947. Kusan duk abin da ake buƙata don gane irin wannan besbol yana cikin wannan labari: attajirin gari mai son a ji sunan garinsu, ƙwararren mai jifa da aka ɗauko haya, da mai shirya gasa da ya dogara kacokan ga kuɗin ƙofa.

Ana kiran waɗannan ƙungiyoyi na rabi da rabi, domin 'yan wasansu suna karɓar kuɗi amma ba da wasan suke ci da iyali ba. Suna kuma wajen tsarin da Babbar Gasa ta MLB da ƙananan gasannin da ke ƙarƙashinta suke gudanarwa. A cikin wancan tsari, a wancan zamani, ɗan wasa in ya sa hannu a kwantiragi, ƙungiya ta riƙe shi ke nan, ba ya komawa wata sai ta sayar da shi ko ta sallame shi. A waje kuwa babu wannan takunkumi. Mutum yana iya buga wa wannan gari ranar Lahadi, ya buga wa wancan ranar Laraba, wani lokaci ma da wani suna daban.

Sai an fahimci tsarin wasan kafin a gane inda kuɗin yake tafiya. Kowane ɓangare mutum tara ne, wasa kuma zango tara. A kowane zango ɓangare ɗaya yana bugu har sai an fitar masa da mutum uku, sannan a yi musanya. Mai jifa yana tsaye a kan tudu, ƙafa 60 da inci 6 daga mai bugu, wato mita 18 da kusan rabi, tazarar da aka tsayar tun 1893. Tashoshi huɗu ne, ƙafa 90 tsakanin kowace biyu, kuma sai mutum ya zagaye su ya dawo gida ake ƙirga maki ɗaya. Kowane motsi a filin daga hannun mai jifa yake farawa. Idan jifa uku masu kyau suka wuce mai bugu ya fita, idan huɗu suka kauce ya tafi tasha ta farko kyauta. Saboda haka mutum ɗaya mai ƙarfin hannu da iya sarrafa ƙwallo yana iya rufa wa mutum takwas asiri, abin da ba ya yiwuwa a ƙwallon ƙafa. Shi ya sa gari in yana da ɗan kuɗi kaɗan, mai jifa yake fara haya, sai mai cafkewa da ke tsugune bayan mai bugu, tunda ba kowane manomi ne zai iya riƙe jifan ƙwararre ba, kuma ƙwallon da ya kuɓuce masa tasha ce kyauta ga abokan hamayya. Sauran bakwai ɗin 'yan gari ne: mai aski, malamin makaranta, ɗan mai shagon ƙarafa.

Kuɗin daga wurare uku yake zuwa. Na farko ƙofa. A wasannin ƙungiyoyi masu yawo gari gari, rabon da aka fi yi shi ne kashi 60 ga wanda ya ci, 40 ga wanda aka ci, bayan an cire na alƙalin wasa da na ƙwallaye. Inda fili ba shi da katanga, sai a zagaya da hula cikin 'yan kallo. Na biyu gudummawar 'yan kasuwa, waɗanda ake rubuta sunayen shagunansu a jikin katanga ko a bayan riga. Na uku, wanda ya fi duka muhimmanci, shi ne aikin yi. Ana ba ɗan wasa gurbi a kamfani ko a ma'aikatar gari, aiki marar wahala kamar fentin gidajen ma'aikata ko kula da fili, a sallame shi da wuri don atisaye. Albashinsa a littafin kamfani yake fitowa, don haka ƙungiya ba ta ɗauki nauyinsa ba.

Babu inda wannan tsari ya yi ƙarfi kamar masaƙun jihohin Carolina ta Kudu da ta Arewa. A can kamfani ne ya mallaki gidajen ma'aikata da kantin da suke sayayya, sau da yawa har da makaranta da coci, sai ya ƙara da filin wasa. Masu masaƙu sun ga amfani biyu: wasa yana hana ma'aikata ƙaura zuwa wata masaƙa, yana kuma janye hankalinsu daga ƙungiyar ƙwadago. Bai kamata a ɓoye wannan dalili na biyu ba, domin yana cikin abin da ya sa kuɗin ya riƙa fitowa. Amma ga yaron da ya shiga aikin zare tun yana ƙarami, filin nan ƙofa ce ta gaske. Joe Jackson, wanda daga baya ya shahara a Chicago, a masaƙar Brandon da ke Greenville ya fara. Daga 1936 zuwa 1938 wasu garuruwan masaƙu na Carolina ta Arewa sun kafa gasarsu mai zaman kanta, suna biyan abin da ya fi na ƙananan gasanni, har 'yan wasa suka riƙa gudu daga kwantiraginsu suna zuwa, hukumomin besbol kuma suka sanya ta cikin jerin haramtattu. Haka abin yake a garuruwan ma'adinan kwal da na kamfanonin mai da na jirgin ƙasa.

Matsalolin wannan tsari sanannu ne, kuma iri ɗaya suke maimaita kansu. Babbar cikinsu gasar kashe kuɗi. Wannan gari ya ɗauko sojan haya ɗaya, maƙwabcinsa ya ɗauko biyu, kafin a ankara rabin ƙungiya baƙi ne, albashinsu ya fi abin da ƙofa ke kawowa. Garin mutum dubu biyu ba zai iya cika fili fiye da yadda ya saba ba komai kyan wasa, saboda haka in ruwan sama ya ɓata Lahadi biyu a jere, ko ƙungiya ta faɗi wasa huɗu 'yan kallo suka ja baya, sai a kasa biya a tsakiyar kaka. Ƙungiya ɗaya in ta rushe, jadawalin sauran ya lalace, su ma su rasa kuɗin ranakun da za su karɓe ta. Da yawa daga gasannin yankuna ta haka suka mutu, wasu kafin su shekara uku. Akwai kuma caca: magoya baya suna sa kuɗi kan garinsu, kuma mai jifan da ba ɗan gari ba, wanda gobe zai hau jirgin ƙasa, shi ne mafi sauƙin saye. Sai lalacewar hannu. Mai jifa na haya ana biyansa ne kan kowane wasa, don haka yana iya yin zango tara yau ya sake tara jibi, babu mai ƙirga masa jifa, babu likita. In gwiwar hannu ta tafi, sana'ar ta ƙare nan take, domin tiyatar dasa jijiya da ake yi yanzu sai a 1974 Dokta Frank Jobe ya fara yi wa wani mai jifa, Tommy John.

Ɗaliban jami'a kuwa nasu haɗarin daban ne. Dokar wasannin jami'o'i ta lokacin ta hana su karɓar kuɗin wasa, shi ya sa suke ɓoye sunansu in za su yi wasan kuɗi lokacin hutu. Lou Gehrig, wanda daga baya ya shahara a Babbar Gasa, ya yi wasa a Hartford a 1921 da sunan Lou Lewis, aka gano, aka dakatar da shi shekara guda a jami'ar Columbia. Jim Thorpe bai ɓoye nasa sunan ba lokacin da ya yi wasa a wata ƙaramar gasa a Carolina ta Arewa a 1909 da 1910, kuma abin da ya jawo aka ƙwace masa lambobin zinaren da ya ci a gasar Olamfik ta 1912 ke nan. Sai bayan shekara kusan 70 aka mayar wa iyalinsa.

Fitilar dare ce ta fara sauya lissafin. Kafin ta zo, ma'aikaci ba ya ganin wasa sai Lahadi ko ranar hutu, wasu jihohi ma sun hana wasan Lahadi. A 1930 J. L. Wilkinson, mai ƙungiyar baƙaƙe ta Kansas City Monarchs, ya sayi fitilu masu tafiya a kan manyan motoci da injin wuta nasu, ana kafa su a kowane gari aka sauka. Babbar Gasa ba ta yi wasan dare ba sai 24 ga Mayun 1935 a Cincinnati. Bayan yaƙin duniya na biyu ƙananan garuruwa suka shiga tara kuɗin turakun fitila, wasa ya koma sau biyu ko uku a mako, manomi ya gama aikin gona ya yi wanka ya zo. A jihar Minnesota, a 1950, ƙungiyoyin gari 799 aka ƙirga. An kasa su aji aji, na sama ana yarda su biya albashi a fili, na ƙasa kuma 'yan gari zalla.

A kan batun launin fata, waɗannan ƙungiyoyi sun riga manya, ko da yake ba don sun fi su tsarkin zuciya ba ne a kullum. Gari yana son nasara, kuma mafi ƙwarewar 'yan wasan da ba a ɗaure da kwantiragin Babbar Gasa ba baƙaƙe ne. Gasar da jaridar Denver Post ke shiryawa ta gayyaci Monarchs a 1934, suka kai wasan ƙarshe, inda suka sha kashi a hannun House of David, ƙungiyar wata al'ummar addini ta Benton Harbor a Michigan mai dogon gashi da gemu, wadda ita ma Paige ta ɗauko ya yi mata jifa. Bayan 1947, da gasannin baƙaƙe suka fara rushewa saboda manyan ƙungiyoyi sun kwashe matasa, dattawan cikinsu nan suka samu mafaka. Hilton Smith ya yi wasa a ɗan ƙaramin garin Fulda na Minnesota. Willie Wells da Leon Day sun tafi gasar ManDak, wadda ta haɗa garuruwan Manitoba a Kanada da na Dakota ta Arewa daga 1950 zuwa 1957. Dukansu uku yanzu sunayensu suna cikin zauren gwarzayen besbol a Cooperstown. A Kudu kuwa wariya ta ci gaba, masaƙu suna da ƙungiyar farare daban ta baƙaƙe daban.

Faɗuwar ta zo da sauri. A 1950 gida tara cikin ɗari ke da talabijin a Amurka, zuwa 1960 sun kai 87. Daga 1953 aka fara nuna wasan Babbar Gasa kowane mako a faɗin ƙasar, mutum ya ga taurari irin su Mickey Mantle daga kujerarsa ba tare da ya biya ko sisi ba. Manyan ƙungiyoyi suka matso yamma: Braves ta koma Milwaukee a 1953, Twins ta sauka Minnesota a 1961, sabbin manyan tituna kuma suka mayar da tafiyar yini ta zama ta awa biyu. Ƙananan gasanni na hukuma, waɗanda suka kai 59 a 1949, sun ragu zuwa 21 a 1959, kuma na rabi da rabi da ba su da uwa a sama sun fi jin jiki. Injinan noma suka rage hannun da gona ke buƙata, matasa suka bar ƙauye. Masaƙu suka sayar da gidajen ma'aikata, ma'aikaci ya sayi mota ya koma wata unguwa, alaƙarsa da filin kamfani ta yanke. Sau da yawa talabijin kaɗai ake ɗora wa laifi, amma yankewar aikin yi ta fi yin ɓarna. Kwatanci da Japan ya nuna haka: can ma akwai talabijin da ƙwararrun gasa, amma kamfanoni irin su Toyota da Nippon Life sun ci gaba da ɗaukar 'yan wasa a matsayin ma'aikata, gasar birane da aka fara a 1927 tana nan har yau, kuma daga ƙungiyar kamfanin ƙarfe Hideo Nomo, mai jifan da ya shahara a Babbar Gasa, ya fito.

Filayen ba su zauna fanko ba, ɗalibai ne suka gaje su. Gasar Basin ta Dakota ta Kudu, daga 1953 zuwa 1973, ta fara da cakuɗa tsofaffin ƙwararru da ɗalibai, ta ƙare da ɗalibai zalla. Shahararrun masu jifa Bob Gibson da Jim Palmer duk sun ratsa ta. A Alaska, ƙungiyar Goldpanners ta Fairbanks da aka kafa a 1960 ta riƙa ɗauko yaran jami'a irin su Tom Seaver, ta kuma gaji wasan tsakar dare da ake yi a garin tun 1906 ba tare da fitila ba, saboda hasken rana ba ya ɗaukewa a tsakiyar Yuni. Gasar Cape Cod a Massachusetts ta bi wannan hanya a shekarun 1960. Tsarin yanzu shi ne ba a biyan ɗalibi ko kwabo don wasa, wani iyali a garin ya saukar da shi gidansa na wata biyu, masu farautar 'yan wasa na manyan ƙungiyoyi kuma su zauna bayan mai cafkewa da na'urar auna gudun ƙwallo. Tun da aka fara zaɓen sabbin 'yan wasa bi da bi a 1965, hanyar shiga Babbar Gasa ta koma ta makaranta. Gasar Wichita tana nan, amma ƙungiyoyin ɗalibai ne suka fi yawa a cikinta, tsohon filin da ya ɗauki sunan Dumont kuma an rushe shi a 2018. Abin da aka rasa a nan babba ne: ɗan shekara 28 da ke aiki a masana'anta, wanda jifansa ya nuna a makare, ba shi da sauran inda za a gan shi cikin sauƙi.

Kayan wasa ma sun sauya, kuma kulki ne ya fi komai. Kulkin itace yana da ɗan wuri ƙanƙane kusa da kai inda bugu ke tafiya nesa. In ƙwallo ya sauka kusa da hannu, kulki ya tsage, bugun ya mutu a gaban mai jifa, shi ya sa tsofaffin masu jifa suke matse mai bugu ta ciki. A 1974 jami'o'i suka halatta kulkin alminiyam don rage kuɗin sayen itace. Shi cikinsa rami ne, bangonsa yana lanƙwasa ya mayar da ƙwallo kamar roba, ba ya karyewa, kuma ya fi sauƙin lilo. Jifan ciki ya daina aiki, masu jifa suka koma kaucewa waje da jifa mai lanƙwasa, maki ya yi ambaliya har wasan ƙarshe na jami'o'i a 1998 ya tashi 21 da 14. Daga baya aka sa doka cewa nauyin kulki a ma'aunin oza kada ya gaza tsawonsa a inci da fiye da uku, wato mai inci 33 ya kai oza 30, sannan a 2011 aka rage ƙarfin mayar da ƙwallon ya kusanci na itace. Cape Cod ta koma itace tun 1985, kuma hakan ne ya ɗaga darajarta, domin a can ake gane wanda bugunsa nasa ne da wanda kulki ke yi wa aiki.

Jifa kuwa ya koma na ƙarfi da gajeren zango. A da mai jifa yana tanadin ƙarfinsa don ya kai zango na tara, yana barin a buga ƙwallo a ƙasa abokansa su kama. Yau matsakaicin jifa mai gudu a Babbar Gasa ya kai mil 94 a awa, kusan kilomita 151, ana cire mutum in ya kusa jifa 100, a kawo wasu uku ko huɗu su ƙarasa. Ga ƙungiyar gari wannan nauyi ne, tunda wadda a da mai jifa biyu suka ishe ta yanzu tana neman shida ko fiye. Yara ma sun bar filin unguwa sun koma ƙungiyoyin tafiye-tafiye da iyaye ke biya da tsada, abin da ke tace 'ya'yan marasa ƙarfi tun kafin a ga iyawarsu.

Magadan tsohon tsarin na kusa su ne gasanni masu zaman kansu da suka dawo a 1993 da gasar Northern da ta Frontier, sai Atlantic a 1998. Suna biyan albashi kaɗan, suna ɗaukar waɗanda manyan ƙungiyoyi suka sallama, suna rayuwa da ƙofa da abinci da talla. Amma 'yancinsu ya ragu. A 2019 MLB ta yi amfani da gasar Atlantic wajen gwada na'urar da ke yanke hukuncin jifa a madadin idon alƙali. A 2021 ta rage ƙananan ƙungiyoyinta zuwa 120, kimanin garuruwa 40 suka rasa matsayinsu, gasar Appalachian, ɗaya daga ƙananan gasanninta, ta koma ta ɗalibai, St. Paul Saints kuma, wadda ita ce abin alfaharin masu zaman kansu, ta shiga ƙarƙashin Twins.

A Minnesota ƙungiyoyin gari kusan 300 ne suka rage, kuma sun rayu ne saboda sun daina biya. Ɗan wasa dole ya kasance mazaunin kusa da garin, cikin tazarar da doka ta ƙayyade. Kuɗin fitila da ƙwallaye daga rumfar sayar da nama da abin sha da tallan katanga yake fitowa. 'Yan wasan da kansu suke gyaran fili: bayan kowane wasa a share ramin da ƙafar mai jifa ta haƙa a kan tudu, a yayyafa ruwa, a cika da yumɓu, a daddaɓe, a rufe da tamfol don kada ya bushe ya tsattsage, domin tudu mai rami yana karkatar da saukar ƙafa ya jawo ciwon kafaɗa. Yara suna rige-rigen tsinto ƙwallon da ya fita fili su mayar a ba su ɗan canji. A ƙarshen Agusta ake gasar jiha da aka fara tun shekarun 1920, ana kammala ta a farkon Satumba, kuma ƙungiyar da ta samu gurbi an yarda ta ari masu jifa kaɗan daga maƙwabtan da aka fitar a yankinta, su sa rigarta na makonnin gasar sannan su koma garinsu.